Ado Da Kuɗin Bashi: Wa Zai Biya?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan uwa mazaunin Birnin Kebbi ya gabatar wa matasan unguwarsu a wani zama da suka yi bayan sallar Isha'i. Mun kawo muku shi kamar yadda ya fito daga bakinsa. A sha karatu lafiya.

'Yan uwa, maganata ta yau a kan kuɗinmu ne, da yadda ake kashe su da sunanmu.

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka cire Jihar Kebbi daga Sakkwato, aka mai da garin nan hedkwata. Aka kuma yi mana take da Turanci a jikin lambar mota, ma'anarsa Ƙasar Adalci. Suna mai daɗi. To, amma a unguwarmu har yau kullum sai na sayi ruwa wajen 'yan garuwa, kuma da ruwan sama ya sauka kwata ce ke shigo mana zaure. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen jihar nan suna cikin talauci ta fuskar lafiya, ilimi da muhalli. Ka ga ke nan suna daban, aiki daban.

Bari mu ɗauki bikin kamun kifi na Argungu. Asalinsa abin alheri ne. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, Kabawa suka tarbe shi da kamun kifi, aka binne tsohuwar gaba tsakaninsu da Sakkwato. A 2016 Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya. Ba mu ce a daina ba. Amma ku tuna, a watan Maris na 2020 aka dawo da shi bayan kusan shekara goma, aka share hanya, aka shafa fenti, manyan baƙi suka zo Matan Fada suka yi kallo suka koma. Wata shida bayan nan ambaliya ta cinye dubban hektoci na shinkafa a fadamunmu. Masuncin da ya faɗa ruwa da homa da gora don a ɗauki hotonsa, ina baƙin nan suke ranar da gonarsa ta nutse?

Haka nan zancen shinkafa. A Nuwamba 2015, a nan Birnin Kebbi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya. An noma shinkafa, gaskiya ne, har aka buɗe babban kamfanin casa a Argungu a 2017. A 2021 aka jera dalar shinkafa a Zauro, a 2022 aka jera wasu a Abuja, duniya ta gani a talabijin. Kuɗin da shirin ya raba a faɗin ƙasa sun haura naira tiriliyan ɗaya, da yawa ba su dawo ba. Zuwa 2024 buhun shinkafa ya wuce naira 70,000. Dalar ta watse, bashin yana nan.

Ga kuma filin jirgin sama na Ambursa da aka gina zamanin Gwamna Dakingari. Alhazai na tashi a can, mun yarda. Amma cikinku nan wa ya taɓa shiga jirgi? Wa kuma bai taɓa kai mara lafiya asibiti aka ce ya fita ya sayo safar hannu ba?

Yanzu ku saurara da kyau, domin nan ne gizo ke saƙa. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba cin bashin ne laifi ba, abin da aka yi da shi ne. In gwamnatin jiha ta ciwo bashin waje, tun daga Abuja ake zare biyansa daga kasonta na wata-wata, kafin kuɗin su iso. Wato ba a tambayar malamin firamare ko an biya shi. Kuma da dala ake biya. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Bashin dala miliyan ɗaya da yake naira miliyan 460 ya koma sama da biliyan ɗaya da rabi, ba tare da an ƙara bulo ko ɗaya ba. Gwamna wa'adinsa shekara huɗu, in ya daɗe takwas. Irin wannan bashi kuwa yakan kai shekara ashirin ko talatin. To wa zai biya? Ku ne, 'yan uwa, ku da 'ya'yan da ba ku haifa ba tukuna.

Shi ya sa nake cewa, bashin da aka yi madatsar ruwa ko aka ja famfo da shi yana iya biyan kansa. Wanda aka yi shatale-tale da ƙofar gari da allon hotuna da shi kuwa, kayan aro ne, ba ya rufe katara.

Mene ne abin yi? Ba zagi ba, ba jifa ba. Tambaya. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Muna da 21 a jihar nan. Ku haɗu ku goma, ku je wajen kansilanku da ladabi, ku ce: nawa ya shigo wannan wata, ina ya tafi? Hukumar Kula da Basussuka ta Ƙasa tana wallafa bashin kowace jiha a intanet, ku buɗe a wayarku ku karanta wa iyayenku. Duk aikin da aka zo yankan kirtani, ku yi tambaya uku: nawa ya ci, daga ina kuɗin suka fito, wa zai amfana bayan baƙi sun tafi?

Dukiyar jama'a amana ce a hannun mai riƙe da ita, kuma mai dukiya yana da haƙƙin ya tambaya. In muka yi shiru, za a ci gaba da yi mana ado da kuɗin da mu ne za mu biya.