GARKUWAR JIKI: JAWABIN MALAMIN LAKWAL A TARON ƳAN ASSAGA



Ranka ya daɗe Bulama, Allah gafarta malamai, iyayena maza da mata, da ku yayyena da ƙannena da kuka taso daga Yamai da Damagaram da Agadas, har da waɗanda suka kwana bisa hanya daga Libiya, ina yi muku barka da zuwa. Shugabannin ƙungiya sun ce in yi magana da Hausa saboda ƴaƴanmu da suka tashi a waje, harshen gida bai zauna bakinsu ba tukuna.

Ni dai ba likita ba ne, ba manjo ba. Malamin lakwal ne, kayan aikina alli da kaye na kiran suna. To, kayen nan shi ya sa na roƙi a ba ni wannan lokaci. Kowace shekara muna komawa aji a watan Oktoba, kuma daga nan har sanyi ya shiga, shafin kiran suna cike yake da alamar waɗanda ba su zo ba. In na aika a tambayo, amsa ba ta wuce uku: masassara, gudawa, tari. Abin da ya daɗe yana damuna shi ne, yara biyu bisa benci ɗaya, ciwo ɗaya ya kama su, wannan ya dawo bayan kwana uku yana tsalle, wancan ya yi wata guda kwance. Bara waccan na ja layi bisa sunan wata yarinya da ta fi kowa lissafi a ajina. Da na je gaisuwa, na tarad da kwalaben maganin ƙarin jini jere a ɗaki, uban ne ya aiko da kuɗinsu daga inda yake neman abinci. Gidan sauron da aka raba musu kuwa yana can lambu, an yi wa tattasai shinge da shi saboda awaki. Ban ce laifin kowa ba ne, rai na Allah ne. Amma tun ran nan na ɗauki niyyar in faɗi abin da zan faɗa yau.

A makarantar horon malamai an koya mana abin da Faransanci, ku kuma kuna ji a rediyo ana cewa garkuwar jiki. Watau cikin jinin kowane ɗan Adam akwai waɗansu fararen ƙwayoyi, ido ba ya ganinsu, aikinsu tsaro. In ƙwayar cuta ta shiga, su tare ta, su kashe ta, kana su riƙe kamanninta, don in ta sake dawowa su gane ta tun daga bakin ƙofa. Masu tsaron nan daga abin da muka ci ake yin su, kuma su ma suna gajiya. Yaron da ke gudawa yau da gobe, cikinsa da tsutsa, tuwonsa ba wake ba kifi, duk cutar da ta zo sai ta tarad da masu tsaronsa kwance. Kun tuna ambaliyar 2019, da kogin Komadugu ya cika ya shiga gonaki da gidaje. Wanda bai tashi cika buhu da yashi ba sai ran da ruwa ya iso ƙofarsa, me ya tsirar? Kwalbar magani ran da yaro ya kwanta ita ce buhun nan na ranar ƙarshe.

Bari in fara da ruwa, don shi ya fi cin mu. Tun 2015 da fitina ta tashe mu muka zo muka zauna bakin gudron, mu da ƴan'uwanmu na ƙetaren kogi, jama'a ta cunkushe wuri ɗaya, masai kaɗan, ruwa a bido. A 2017 shawarar nan da likitoci ke kira hepatit E ta shiga jihar Difa, kuma mafi yawan waɗanda ta ɗauka mata ne masu juna biyu. Akwai a cikinku waɗanda suka bi gawa a shekarar. Ba iska ba ce, ba sammu ba. Ƙazantar bayan gida ce ke shiga ruwan sha. Ruwan foraj yakan fito da tsabta, mu ne muke ɓata shi a hanya: bidon da ba a taɓa wanke cikinsa ba, randa a buɗe, moɗa ɗaya kowa ya sha ya mayar, yaro ya tsoma hannu har gwiwa. A wanke bido, a rufe randa, a rataye moɗar ɗiba dabam da ta sha. In ruwan kogi ne ko na tafki, a tafasa, ko a sa ƙwayar Aquatabs bisa awon da aka faɗa, a jira rabin awa.

Yanzu iyayena, ku yi mini gafara, zan taɓa wata al'ada. In an kawo tuwo, akan kawo kwano ɗaya na wanke hannu. Babba ya fara, na biye ya bi, autan gida ya ƙare. Ku duba ruwan nan sa'ad da ya iso ga auta. Wanda ya fi kowa raunin garkuwa shi ke wanke hannu da dauɗar gidan duka, ya kai baki. Ban ce a bar girmama manya ba. Yaro ya ɗauki buta ya zuba wa babansa, ruwan ya zube ƙasa, sa'an nan a zuba masa shi ma. Ladabi ya ƙaru ke nan, bai ragu ba. Kuma bayan an fito daga masai, ko an wanke wa jinjiri, ruwa kaɗai ba ya isa, sai da sabulu. In babu, toka tana nan a murhu, ba a sayenta.

Samarin da ke wuni cikin kogi suna fitsari da jini a ƙarshe, wannan tsargiya ce, ba alamar girma ba, tana zuƙe jini a hankali. In an zo rabon maganinta a lakwal, kada a ɓoye yara a gida.

Sai abinci. Abin mamaki, mu ne masu tattasan da ake lodawa a manyan motoci zuwa Najeriya, amma ƴaƴanmu ba su san ɗanɗanon ɗanyensa ba. Jan tattasai ɗanye ya fi lemo yawan bitamin C, sai dai shanya da doguwar dahuwa suna cinye mafi yawansa. Lokacin tsinka, a yanka ɗanye a cikin kwaɗon zogale ko na rama, da ƙuli-ƙuli, a ba yara. Kifi kuma, kada duk ya tafi kasuwa bandarsa, mai ciki ta ƙare da romo. Nonon farko da uwa ke fitarwa, dakashi, wanda waɗansu ke matsewa a zubar wai ba shi da kyau, cike yake da garkuwar uwa, shi ne rigakafin farko na jinjiri. Har wata shida nonon uwa ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata, ko da bazara. Kakanni, ku ne ke yanke wannan hukunci a gida, ba matasan uwaye ba, shi ya sa nake faɗa a gabanku.

Allurar rigakafi kuwa nuna wa masu tsaro fuskar ɓarawo ce kafin ya zo. Ta ƙyanda ana yi a wata tara, da wata daga baya. Kada a raina ƙyanda: bayan ta warke takan bar jiki ya manta cututtukan da ya riga ya sani, yaro ya yi ta kwanciya. Maganin masassara da ake rabawa yara ƴan wata uku zuwa shekara biyar kowane wata da damina, na kwana uku ne. Na farko a gaban masu rabo, biyun kuma a hannun uwa, kuma su ne ake mantawa.

Na juyo gare ku, ƴan ci-rani. Ina ganinku in kun dawo, aljihu da nauyi, jiki ya zube. Kuna aikin ƙarfi da rana, dare ya ƙare a fada wajen shayi, da safe a haɗiye tiramol don a iya tashi. Masu bincike sun gwada, wanda barcinsa bai kai awa shida ba ya fi saurin kamuwa da mura. Shayi mai kauri nan take bayan abinci kuma yana hana jiki ɗaukar ƙarfen da ake yin jini da shi. Amma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tsarabar da kuke kawowa daga tiren mai talla. Akwai ƙwayar ƙiba da ake kira deksa, wadda ƴan mata ke sha kafin aure. Kumatu su cika, kowa ya ce ta yi lafiya. Alhali kuwa aikin wannan magani a asibiti shi ne danne garkuwar jiki, a cututtukan da likita ya ga ana bukatar haka. Mai shan sa ba dalili kamar wanda ya sallami masu gadinsa ne ya yi wa ƙofa fenti. Kafso kuma da ake saye biyu-biyu a sha in kai ya sara, cuta kawai yake koya wa yadda za ta gagari magani.

Ga roƙona ga ƙungiya. Cikin kuɗin karo-karo na bana a ware kaso a sayi sabulu da buta ga kowane aji, da randa mai murfi. Ni zan riƙe lissafi. Wanda zai aiko da kuɗi gida, ya tambaya a waya ko karne na rigakafi ya cika, ko gidan sauro yana bisa gado. Kayen kiran suna kuma zan kawo shi taron baɗi in Allah ya kai mu, in buɗe a gabanku ku ƙidaya da kanku.