Hatsarin Kifewar Mota da Amfanin Bakan Ƙarfe: Darasi Daga Masu Tsofaffin Motoci



Laccar yau ta shafi wani hatsari ne da ke hallaka mutum ko da motarsa ba ta yi karo da ta kowa ba, watau kifewar mota. Domin a fahimci al'amarin sosai, za a ɗauko misali daga Ingila da Amurka, inda wasu mutane suka daɗe suna fama da wannan matsala, har suka san makamarta.

Motocin da masu su

A ƙasashen nan akwai ƙungiyoyin masu sha'awar tsofaffin motoci, musamman ƙananan nan masu kujera biyu, masu gudu, waɗanda rufinsu na tamfol ne da ake naɗewa. Daga cikinsu akwai MGB, wadda aka ƙera fiye da rabin miliyan a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980. Akwai Triumph Spitfire ta waɗannan shekaru, da Austin-Healey 3000, da Jaguar E-Type da ta fito cikin 1961. Mai irin wannan mota yana tattalinta kamar yadda barde ke tattalin dokinsa. Yakan kashe kuɗi mai yawa wajen fenti da gyaran inji, ranar hutu ya fita da ita shan iska, wani lokaci kuma ya kai ta filin tsere.

To, amma an ƙera motocin nan ne tun kafin a tsananta dokokin kiyaye lafiyar masu shiga mota. Ba abin da ke bisa kan direba sai sararin sama. Firam ɗin gilashin gaba kuwa siriri ne, in nauyin mota ya hau shi sai ya lanƙwashe. Ke nan in motar ta kife, kan mutum da wuyansa su ne za su ɗauki nauyin kusan tan guda.

Yadda mota ke kifewa

Abu biyu ke nuna sauƙin kifewar mota ko wuyarsa: faɗin da ke tsakanin tayoyin dama da na hagu, da kuma inda nauyinta ya taru. Mota mai faɗi, wadda nauyinta ke kusa da ƙasa, ba ta cika kifewa a kan kwalta ba, sai dai ta zame. Wannan ne ya sa wasu masu motocin nan ke sakin jiki, suna cewa tasu gajera ce, ba abin da zai kifar da ita.

Lalle akwai kuskure a wannan zato. Hukumar kiyaye hatsarin hanya ta Amurka ta gano cewa wajen kashi 95 cikin 100 na motocin da suka kife su kaɗai, tuntuɓe suka yi. Mota za ta zame ta tafi a kaikaice, sai tayarta ta ci karo da dakalin gefen titi, ko ta nutse cikin ƙasa mai taushi, ko ta faɗa lambatu. Ƙasan mota ya tsaya, samanta bai tsaya ba, sai adungure. Tuntuɓe kuwa bai san gajeriyar mota ba.

Ƙididdigar hukumar ta 2010 ta nuna cewa kifewa kashi 2 ne kawai cikin 100 na hatsarori, amma ita ta jawo kusan kashi 35 cikin 100 na mutuwar masu tafiya a ƙananan motoci. Kashi 69 cikin 100 na waɗanda suka mutu ta haka ba su ɗaura bel ba.

Har wa yau, wasu motocin suna da lahani tun daga ƙira. A Spitfire ta farko, in direba ya shiga kwana da gudu, bayan motar yakan ɗaga, tayar baya ta karkace ta nemi shigewa ƙarƙashi. Kamfanin bai gyara wannan sosai ba sai cikin 1970.

Asalin bakan ƙarfe

Maganin da aka samo shi ne bututun ƙarfe mai ƙarfi da aka lanƙwasa kamar baka, aka kafa bayan kujeru, ya ɗara kan direba tsawo. In mota ta kife, sai ta tsaya bisa bakan nan da gaban bodi, a bar wa mutum sarari a tsakani.

Daga filin tsere abin ya samo ƙarfi. Cikin 1958 direba Pat O'Connor ya mutu a tseren Indianapolis, bayan motarsa ta tashi sama ta kife tun a zagayen farko. Shekara ta gaba aka tilasta sa bakan ƙarfe a motocin wannan tsere, cikin 1961 kuma tseren Formula One ya bi sahu.

A kan hanyoyin jama'a kuwa, littafin Ralph Nader na 1965, wanda ya soki kamfanonin motoci, ya taimaka aka kafa babbar dokar kiyaye lafiyar masu mota a Amurka cikin 1966. Daga 1973 doka ta ce tilas rufin mota ya jure nauyin motar sau ɗaya da rabi, cikin 2009 kuma aka ɗaga shi zuwa sau 3 ga ƙananan motoci. Sai dai an cire buɗaɗɗun motoci daga wannan gwaji. Duk da haka, fargabar za a haramta su ta sa kamfanoni suka nemi dabara. Porsche ya nuna 911 Targa mai faffaɗan baka cikin 1965, Triumph ya fito da Stag mai nata bakan cikin 1970. Cikin 1989 Mercedes-Benz ya fito da SL, wadda bakanta ke kwance, amma da zarar na'ura ta ji alamar kifewa sai ya miƙe cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa. Tsofaffin motoci ba su sami ko ɗaya daga wannan ba, saboda haka nauyin ya koma wuyan masu su.

Bakan gaske da bakan ado

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ana sayar da wasu bakuna masu sheƙi waɗanda ado ne kurum. Ƙarfensu ba kauri, ba madogara, kuma da ƙananan kusoshi aka ɗaura su. Ranar hatsari irin wannan baka yakan karye ko ya rufto kan mutum, ya zama tarko maimakon garkuwa.

Bakan gaske yana da sharuɗɗa. Na farko, a yi shi da bututun ƙarfe mai kauri wanda ba shi da ɗinkin walda a tsawonsa, a lanƙwasa shi daga bututu guda, kada a yi gami. Na biyu, a tokare shi da sanduna biyu ta baya, da wata a gicciye, don kada ya kwanta. Na uku, ƙafafunsa su zauna bisa faranti mai kaurin aƙalla milimita 3, a wuri mafi ƙarfi a jikin mota. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci ƙwarai ga motar da ta shekara hamsin, domin in tsatsa ta ci ƙasanta, baka zai huda shi ya wuce, kamar an kafa dirka a rairayi.

Na huɗu shi ne tsawo. A filayen tsere akan yi abin da suke kira gwajin sandar tsintsiya. Direba zai zauna da hular kwanonsa, a ɗora miƙaƙƙiyar sanda daga saman baka zuwa wuri mai ƙarfi a gaban mota. Tilas kansa ya kasance ƙarƙashin sandar, galibi kuma ana bukatar ratar inci 2, watau santimita 5. Dogon mutum yakan faɗi wannan gwaji, domin an gajarta bakan don rufin tamfol ya rufu. Abin yi sai a saukar da kujera, ko a sa baka mai tsawo a haƙura da rufin.

Baka shi kaɗai bai isa ba

Kome kyawun sirdi, majayi ke riƙe shi. In ba a ɗaura bel ba, mota za ta wurgar da mutum waje, wataƙila ta danne shi, baka kuwa na can yana kare kujerar da ba kowa. Bel mai ratsa ƙirji da ƙugu, wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya ƙirƙiro, ya shiga mota ne cikin 1959, saboda haka tsofaffin motoci da yawa sun fito babu shi. Wajibi ne gwanin makaniki ya sa musu.

Akasin haka ma hatsari ne. Bel ɗin tsere mai kama kafaɗu biyu yana riƙe mutum a miƙe cak. In babu baka, an tsayar da shi ne nauyin mota ya sauka a kansa.

Bugu da ƙari, baka da kansa yana iya yin rauni. A kan titi ba a sa hular kwano, kuma kujerun da ba su da matokarin ƙeya. In wata mota ta bugo daga baya, ƙeya za ta daki ƙarfe. Saboda haka a nesanta baka da kai, a naɗe shi da soso mai tauri na musamman, a kuma sa kujera mai dogon jingina. Soso mai laushi ba ya hana kome.

A kuma lura da tayoyi. Motar da ba a cika hawa ba, zanen tayarta na nan sabo, amma robar ta bushe. Tun daga 2000, lambobi huɗu a gefen taya suna nuna mako da shekarar da aka yi ta. Manyan kamfanonin taya sun ba da shawarar a sake duk wadda ta kai shekara 10.

Abin da ya shafi kowa

Irin waɗannan motoci ba su da yawa a Nijeriya, amma dalilan kifewa ɗaya ne a ko'ina. Wanda ya jibga buhuna a kan rufin bas ya ɗaga nauyinta sama, ya sauƙaƙa mata kifewa. Fasinjan da ke bayan a-kori-kura ba shi da rufi, ba baka, ba bel. Direban da tayarsa ta sauka gefen titi, kada ya fizgi sitiyari. Ya ɗaga ƙafa daga totur, ya riƙe mota a miƙe, sai gudu ya ragu sa'an nan ya hau kwalta a hankali. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta fara tilasta ɗaura bel cikin 2003. Kada wani ya ɗaura don tsoron tara kawai, ya ɗaura don iyalin da ke jiransa a gida.