Tsofaffin Waƙoƙinmu da Ƙasar da ta Haife Su: Jawabin Taron Shekara



A kowace shekara mukan tattauna batun rijiya da asibiti da makaranta, kuma hakan daidai ne. A bana muna roƙon izini mu ƙara da wani gado da ke zubewa a hannunmu ba mu lura ba, wato tsofaffin waƙoƙin da muka tashi muna ji.

Yawancinmu mun girma ne da shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. A rediyo da kaset muka san kalangun Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya kuma rasu a 1999. Haka muka san kotson Musa Ɗanƙwairo da na Ibrahim Narambaɗa, da ƙwaryar Barmani Choge ta Funtuwa. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya tak ya yi wa karen mota waƙa, ya ɗaga darajar talaka mai neman halaliyarsa.

A ɓangaren addini kuwa, akwai Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, wadda makafi suka yaɗa ƙofa-ƙofa har ta shiga kowane gida. Akwai Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus, da ake rerawa a zaurukanmu, musamman a watan Maulidi. 'Yan'uwanmu Kirista su ma suna da Littafin Waƙoƙi da suke rerawa da Hausa a majami'u.

To, ina matsalar take? Waɗannan waƙoƙi ba su ɓace ba, da yawansu ma suna cikin wayoyinmu. Abin da ke ɓacewa shi ne ma'anarsu. Makaɗan da manoma ne, ko 'ya'yan manoma, kuma daga daji da gona suka ɗebo kalmominsu. Idan makaɗin fada ya kira sarki giwa, ko ɓauna, ko gamji, yana magana ne da mutanen da suka san ƙarfin dabbar da faɗin inuwar itacen. Yaron da aka haifa a bene a Legas yakan ji kiɗan ya yi masa daɗi, amma kirarin ya wuce shi.

Mu ɗauki gawo. Duk wanda ya yi noma ya san shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani, don haka gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa. Mu ɗauki shamuwa, wadda zuwanta ke shaida wa manomi cewa ruwa ya kusa, ya gyara garmarsa. Wanda bai taɓa ganin waɗannan ba, da me zai auna maganar mawaƙin da ya kwatanta mutum da su? Haka kiɗan gayya yake: sai wanda ya sunkuya a kunya tare da sa'o'insa ya san abin da gangar noma ke yi wa jiki.

Saboda haka muna gabatar wa wannan taro shawarwari guda uku. Na farko, duk mai tsohon kaset ko faifai ya kawo wa sakatariya a juye shi a kwamfuta tun kafin zafi da ƙura su lalata shi. Na biyu, a naɗa ɗalibanmu na jami'a su zauna da dattawan gari, su rubuta ma'anar kalmomi masu wuya, sannan a naɗi waƙoƙin niƙa da daka da na gaɗa daga bakin iyayenmu mata, domin mafi yawansu ba a taɓa ɗaukar su ba. Na uku, mu riƙa kawo yaranmu gida da damina ko da kaka, mu kai su gona, mu nuna musu itatuwa da tsuntsaye da sunayensu.

Dattawan da suka san waɗannan abubuwa kullum raguwa suke yi, don haka muna roƙon a kafa kwamitin wannan aiki kafin mu watse yau. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya albarkaci zuriyarmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.