Jawabi a Kan Awo Mai Hawa Goma-Goma

Maganar yau a kan awo take, domin awo shi ne rabin adalci.

Ƙofar Nassarawa ta ga wucewar malaman En'e masu yawa, ɗauke da littattafan haraji, tsakanin birni da ofisoshin Nassarawa. A zamanin nan malaman taki da ƙafa suke auna gona, alhali kuwa takin dogo ba ɗaya yake da na gajere ba. Hatsi da mudu, tufa da kamu, mudun wannan kasuwa kuma dabam da na waccan. Kuɗi ma da wuyar lissafi, kwabo 12 sule, sule 20 fam. Anini kaɗai ya zo da sauƙi, don goma ke yin kwabo.

To, dabarar aninin nan ita ce asalin awon mita, wanda Faransa ta kafa da doka a 1795. Nijeriya ta koma naira mai kwabo 100 a 1973, cikin shekarun nan kuma ta karɓi mita da lita da giram.

Ga yadda abin yake. Ana ɗora wata 'yar kalma a gaban sunan awo, ita ke faɗin yawansa. Deka goma ne, hekto ɗari, kilo dubu, mega miliyan, giga miliyan dubu. Watau kilomita mita 1,000 ke nan, kilogiram kuwa giram 1,000. In an gangaro ƙasa, desi kashi ɗaya ne cikin goma, senti ɗaya cikin ɗari, mili ɗaya cikin dubu. Saboda haka santimita 100 ke yin mita. Ba a bukatar dogon lissafi, sai ƙara sifiri ko rage shi. A 2022 ma an ƙaro wasu, babbarsu tana ɗauke da sifiri 30.

Amma fa sauƙin nan da haɗarinsa. Malamin asibitin da ya rubuta giram a gurbin miligiram ya ninka magani sau dubu. Wanda ya rubuta hekta a gurbin eka ya ɗora wa manomi kusan ninki biyu da rabi na gonarsa. Sifiri ba kome ba ne in yana shi kaɗai, amma in ya zauna inda ba wurinsa ba, sai ya ci haƙƙin talaka.

Don haka wajibi ne mai riƙe da alƙalami ya duba kalmar gaba kafin ya sa hannu. Allah ya sa a cika mudu, amin.