AMSOSHIN WASIƘUNKU: Gidajen darar nan na cikin jaridar Turawa, caca ce ko hatimi?

Wasiƙar da muka ɗauko yau ta fito ne daga wani dattijo mai sayar da hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce ɗansa wanda ya gama sakandare, shi ke riƙe masa littafin ciniki, amma kwanan nan ya tsiro da wata ɗabi'a. Sai ya bi masu tsire yana karɓar tsofaffin jaridun Ingila da suke naɗe nama da su, ya yanke wani zane mai gidaje baƙi da fari kamar dara, ya zauna da fensir yana ta cikewa yana gogewa. Alhajin ya ce maƙwabcin rumfarsa ya gaya masa caca ce, wani kuma ya ce hatimin Turawa ne. Har ya yi niyyar karɓe makullin akwatin kuɗi daga hannun yaron, amma ya ce bari ya tambaya tukuna. Ya kuma haɗo mana da ɗaya daga cikin takardun.

To Alhaji, mun gode da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Mun duba takardar, ba caca ba ce, ba kuma hatimi ba ne. Kacici-kacici ne, irin wanda muke yi da dare muna yara, sai dai wannan a rubuce yake kuma na manya ne. Turawa na kiransa kuroswad, wato kalmomi masu gittawa juna. Mun san abin da ya rikitar da maƙwabcin naka: takardar cacar ƙwallo, wadda ake ce wa ful, ita ma tana da gidaje da lambobi. Amma ita sunayen kulob-kulob ne jere a jikinta, kuma sai an zuba kuɗi. Wannan kuwa jimloli ne a gefen zanen, kowace da lamba a ƙarshenta, ba a zuba ko kwabo, sa'a kuma ba ta aiki a ciki. In ba ka san amsa ba, ba ka sani ba ke nan.

Asalinsa wani mutumin Ingila ne mazaunin Amurka, Arthur Wynne, ya fara buga shi a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. Nasa mai sauƙi ne, a ba ka ma'ana ka kawo kalma. Da wasan ya ƙetara Ingila sai suka ƙara masa gishiri. A 1926 wani marubuci, Edward Powys Mathers, ya fara shirya wa jaridar Observer irin mai ɓoyayyar ma'ana, jaridar Times kuma ta shiga sahu a 1930. Irin wannan mai wuyar shi ne a hannun ɗanka. Zanen yakan zama gida 15 a tsaye, 15 a kwance, tambayoyi kusan 30, kowane farin gida harafi ɗaya.

To yaya ake warware shi? A nan daɗin yake. Kowace tambaya hanya biyu take nuna maka zuwa amsa guda. Wani ɓangare na jimlar ma'anar kalmar ce kai tsaye, ɗaya ɓangaren kuma dabarar haɗa haruffanta ne. Mai shiryawa sai ya ɗinke su yadda za ka karanta ka zaci wani zance ake yi daban. Tun da nasu da Turanci ne, mun zauna mun ƙirƙiro muku na Hausa don ku gani.

Ga na farko: "An dama masa can inda hadari ke haɗuwa," harafi 4. Kowa ya ji zai zaci fura aka dama wa wani. Ina! Masar nan wainar da muke ci ce, "an dama" kuma umarni ne a gauraya haruffanta. Ka juya M, A, S, A, sai ga SAMA, wato inda hadari ke haɗuwa. Ka ga hanyoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya, shi ya sa in ka samu amsar ba ka bukatar kowa ya tabbatar maka.

Na biyu na 'yan kasuwa ne: "Abin layya ya ɓuya cikin tara goma," harafi 4. Kada ka tsaya lissafi. Rubuta "tara goma" a manne, ka ɗauki ƙarshen ta farko da farkon ta biyu, RA da GO. Ga RAGO nan a kwance tun ɗazu kana kallonsa.

Akwai kuma na haɗi, kamar a ce "Babban ɗan'uwa da ke, a yi ƙosai." Babban ɗan'uwa shi ne WA, a ɗora masa KE, an sami WAKE. Sannan akwai mai ma'ana biyu, kamar "Hatsi ko jeji," wato DAWA. Wannan na ƙarshe, a ganina, Hausa ta fi Turanci dacewa da shi, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, kalma ɗaya a takarda sai ta zama biyu ko uku a baki.

Gogewar da ka ga yaron yana yi kuwa, ai dole ne. Kalmomin tsaye da na kwance suna tarayya a wasu haruffa, saboda haka kuskure ɗaya kan ɓata uku, kamar yadda sifiri ɗaya ke ɓata lissafin buhu ɗari.

Jaridar ranakun mako takan buga amsoshi washegari, amma fa amsa kawai, babu bayani. Don haka gwanaye ba sa ajiye takarda don sun cike ta. Sai sun koma sun bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, su ga ta ina kowace amsa ta fito, wacce ce ta yi armashi, wacce ce mai shiryawa ya yi ha'inci. Ƙa'idar da wani malamin makaranta, Derrick Macnutt, ya tsaya a kanta cikin littafinsa na 1966 ita ce a yi wa mai warwarewa adalci: a ruɗe shi, amma kada a yi masa ƙarya, kuma kada a cusa kalmar da ba ta da aiki. Wanda ya karya wannan, edita zai sha wasiƙun ƙorafi, kamar dai yadda mu ma muke sha a nan.

Kuma Alhaji, ba kai ne farkon wanda ya zargi wannan zane ba. A watan Mayu da farkon Yuni na 1944, ana dab da sauke sojojin ƙawance a gaɓar Faransa, sai ga kalmomin sirri na harin, irin su Utah, Omaha da Overlord, suna fitowa a matsayin amsa a jaridar Daily Telegraph. Jami'an leƙen asirin Ingila suka je suka titsiye mai shiryawar, wani hedimasta mai suna Leonard Dawe, suna zaton saƙo yake aika wa Jamus. Ba su same shi da laifi ba. Sai a 1984 wani tsohon ɗalibinsa ya ce shi ya riƙa jin kalmomin a bakin sojojin da ke sansani kusa da makarantar, hedimastan kuwa yakan sa yara su cike masa gidajen.

Gaskiya ɗaya da ba za mu ɓoye maka ba: wasu jaridun kan sa kyauta a na ƙarshen mako, yawanci littafi ko alƙalami, ga wanda aka zaro takardarsa cikin waɗanda suka cike daidai. Jaridun da ɗanka ke tsintowa ma kwanansu ya wuce, babu abin da zai ci. In dai wata rana ka ji an ce ya kawo kuɗi kafin ya shiga, to wannan wani abu ne daban, ka hana. Aibin wasan na gaske cin lokaci ne, yana iya sa mutum ya bar mai ciniki a tsaye. Ka bar masa makullin, ka ce ya ajiye fensirin sai an tashi kasuwa.

Ga ɗaya ku kwana da shi, kai da shi da maƙwabcin naka, harafi 4 ne: "Ana tuƙa tuwo da shi, ana kuma naɗa masa sarki." Amsa sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.