Kayan Gado Su Ma Suna Bukatar Takardar Shaida

Jawabin da aka gabatar a Cadawa ranar bikin cika shekara 100 da kafa sarauta

Bismillahir Rahmanir Rahim.

 

Ni ba masanin tarihi ba ne, ma'aikacin rediyo ne, sana'ata tambaya da saurare. Da wannan matsayi nake neman izinin yin magana kan kayan da aka fito da su yau a ƙofar fada: tambura da kakaki, takubba da sulke, lifidi da alkyabba. Kowa ya gani ya yaba. To, in jikokinmu suka taru bayan wata shekara ɗari, wa zai gaya musu sunan kowane ɗaya, da wanda ya yi shi, da ranar da ake fito da shi?

Shekarun baya na ɗauki muryar wani tsohon makaɗin fada a kaset. Ya yi mini bayanin wani tambari: itacen da aka sassaƙa, fatar da aka rufa masa, da kiɗan da ba a yi sai ran naɗi. Na jefa kaset ɗin cikin kwali, na ce sai na samu sarari. Zafi da ƙura suka lalata shi, tsohon kuma Allah ya yi masa cikawa. Tambarin yana nan, amma ya zama bebe, kuma laifin nawa ne.

Wannan ita ce damuwar gidajen ajiye kayan tarihi a ko'ina. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, yake kuma ɗauke da sunan Bubu Hama tun 2008, yana adana tufafi da makamai da kayan kiɗa na sassan Nijar. Ma'aikacin irin wannan gida zai iya auna abu, ya ba shi lamba, ya ɗauki hotonsa. Amma sunansa na asali da labarinsa suna bakin tsofaffinmu. Nan ne taimakonmu yake.

Tun 1997 akwai wani tsari mai suna Object ID, wanda majalisar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, take kula da shi. Tamkar katin ɗan ƙasa ne ga kayan tarihi: a ɗauki hoto, a rubuta irin abin, da me aka yi shi, tsawonsa da faɗinsa, rubutu ko tabon da ke jikinsa, zamaninsa, da wanda ya yi shi. In aka zuba wannan cikin kwamfuta, ana samun bayanin abu nan take, ana yin kwafi, ana aikawa da shi nesa.

Amfanin farko shi ne maganin sata. Bayan Bube Gado ya tono gumakan yumɓu na Bura a yankin Tera a 1983, ɓarayi suka afka wa wuraren, har ICOM ta sa su cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari a 2000. Nijar ta kafa dokar kare kayan gado a 1997, amma yaya za a yi cigiyar abin da ba shi da hoto? A 2022 kuwa, shirin Digital Benin ya tattara a intanet bayanan kaya 5,246 na masarautar Bini ta Nijeriya, da ke warwatse a cibiyoyi 131 cikin ƙasashe 20, akasarinsu sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Yau mai kaya ya san inda kayansa suke.

Amfani na biyu shi ne guzurin ranar masifa. Kakanninmu sun ga yadda ambaliyar Gulbi ta ci tsohon garin Maraɗi a 1945. Gara da gobara kuwa ba su san kayan sarki ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina roƙon abu uku. Na ɗaya, a zaɓi matasa masu ilimin boko su zauna gaban dattawan fada, makaɗa, maƙera da tsofaffin mata, su ɗauki hoto da murya da salula, su rubuta sunan kowane abu da Hausa kafin Faransanci. Na biyu, a ajiye bayanan wuri uku: a fada, a gidan tarihi na ƙasa, sannan a buga su a takarda, domin kwamfuta ma tana mutuwa. Tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami a nemi shawarar cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni, wadda ke da sashen kula da su. Na uku, abin da yake sirrin fada ne, fada ce za ta yanke wanda zai gan shi. A rubuta shi, ba sai an baza ba.

Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Dattawan da suka san waɗannan kaya ga su nan zaune tare da mu. Mu tambaye su tun bana, kada a maimaita kuskurena.

Allah ya jiƙan magabata, ya ja zamanin Sarki, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar lafiya. Wassalamu alaikum.