Baƙin Gabas da Tambayoyi Uku: Lacca ga Ɗalibai a Ƙofa



Batunmu a yau shi ne yadda ibadun mutanen Asiya suka bazu cikin duniya, har suka iske mu a gida.

Mafarin abin ya daɗe. A 1893 Suwami Bibekananda ya yi bayanin addinin Hindu a Cikago ta Amurka. A 1966 aka kafa ƙungiyar Hare Kirishna a Niyok, wadda daga baya ta iso Legas. A 2014 kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Yuni ta zama ranar yoga. Yanzu ga shi matashinmu, ko yana Rurum ko yana Riruwai, da wayar hannu kawai sai a koya masa zama da numfashi da sunan neman natsuwa.

To, kada mu firgita, domin ba yau muka fara saukar baƙin Gabas ba. Ɗariƙar Ƙadiriyya, wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya riƙa, tushenta Bagadaza, inda Shehu Abdulƙadir Jilani ya rasu a 1166. Malam Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya je can da kansa ya ƙulla zumunci da zuriyar Shehun, kuma a hannunsa zikirin bandiri ya bunƙasa a Kano. Ahmadiyya daga Indiya ta taso, ta shigo Legas a 1916. Jama'ar Tabligi ma a Indiya aka kafa ta cikin shekarun 1920. Hatta karin waƙoƙin finafinan Indiya, masu bege a Kano sun ara sun yabi Annabi da shi. Wasu cikin waɗannan an karɓe su, wasu an ƙi su, wasu har gobe ana gardama a kansu.

Abin da ya sake shi ne hanyar zuwa. A da, baƙo yakan zo da malaminsa da littafinsa da silsilarsa, a zauna a tone shi a zaure. Na yanzu kuwa yakan shigo ba sallama, a siffar hajja, an kankare sunan addini daga jikinsa. Saboda haka muke ganin tilas mu yi wa kowane baƙo tambayoyi uku.

Ta farko, daga ina ya fito? Yoga dai a cikin addinan Indiya ta girma, kuma wani sanannen jerin motsinta sunansa gaisuwa ga rana. Wanda zai yi, ya kamata ya san haka.

Ta biyu, ana iya raba amfaninsa da aƙidarsa? Malamai sun duba wannan. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga mai haɗe da ambaton ibadar Hindu. A 2009 malaman Indunisiya suka hana irin wannan, amma suka halatta wadda take motsa jiki zalla.

Ta uku ita ce mafi nauyi a kanmu: wace ƙishirwa ce ta kai ɗan'uwanmu rijiyar wasu? Wanda ya gama jami'a ya dawo Ƙofa ba aiki, ko ƙaramin ma'aikacin da albashi ba ya kai shi ƙarshen wata, damuwarsa ta gaske ce. Idan ya zo da ita muka ce masa raunin imani ne kawai, to, zai nemi mai sauraronsa a waya. Alhali kuwa zikiri da halwa da tafakkuri da tsayuwar dare duk muna da su, sai dai mun gaza bayyana su da harshen da ɗan boko zai gane.

Nauyin da ke kanmu ke nan, mu da muka zauna gaban allo muka kuma zauna a aji: mu karanta abin da ya zo, mu kai shi gaban malamanmu, mu kuma buɗe kunne ga masu damuwa a cikinmu. Matambayi dai ba ya ɓata.

Allah Ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.